Sailor Jerry: Sojan ruwan da ya fitar da zanen tatu daga lungu zuwa gidajen tarihi

Kafin mutuwarsa a watan Yunin 1973, wani dattijo mai ɗan ƙaramin shago a unguwar 'yan Chaina da ke birnin Honolulu na jihar Hawai a Amurka ya bar wa matarsa wasiyya. Ya ambaci sunayen mutum uku da ya yarda da hannunsu, ya ce ɗayansu kaɗai za a sayar wa shagon. Idan kuma babu wanda ya saya a cikinsu, a banka wa kayan wuta.

Abin da ke cikin shagon bai wuce injinan zane, da kwalaben tawada, da tarin takardun da ya zana da hannunsa ba. Amma shi a ganinsa gara su ƙone da su faɗa hannun wanda zai wulaƙanta sana'ar da ya shafe shekaru kusan 40 yana ƙoƙarin tsaftacewa.

Sunansa Norman Keith Collins, duniya kuma ta fi saninsa da Sailor Jerry. Duk wanda ya taɓa ganin zanen gaggafa, ko jirgin ruwa, ko wuƙa ta huda zuciya a dantsen wani ɗan ƙwallo ko mawaƙi, da kauri a layin baƙi da launuka masu ƙarfi, to ya ga salon da wannan mutum ya goge ya kai shi ƙololuwa.

Yaron da ya bar gida

An haifi Collins ranar 14 ga Janairun 1911 a garin Reno na jihar Nevada, ya kuma tashi a arewacin Kalifoniya. Ana ba da labarin cewa mahaifinsa ne ya laƙaba masa Jerry, sunan wani alfadarinsu mai taurin kai, saboda halinsu ya zo ɗaya.

Tun bai kai shekara 20 ba ya bar gida, ya shiga sahun matasan da ke maƙalewa a jiragen ƙasa na dakon kaya suna yawo daga wannan jiha zuwa waccan. A wannan yawo ne ya haɗu da wani da ake kira Big Mike, mutumin Alaska, wanda ya nuna masa yadda ake zanen tatu da hannu: a tsoma allura a tawada, a riƙa tsira fata ɗigo bayan ɗigo har siffa ta fito.

Tatu ya bambanta da lalle, wanda ke zama a saman fata ya goge bayan makonni. Ya fi kusa da jarfar da wanzamai ke yi. Allura na shigar da tawada zurfin milimita ɗaya zuwa biyu, ta wuce fatar sama wadda ke saɓulewa tana sabuntawa, ta ajiye launin a fata ta biyu. Shi ya sa zanen ke zama har mutuwa, shi ya sa kuma kuskuren mai zane ke bin mutum tsawon rayuwarsa.

A ƙarshen shekarun 1920 Collins ya isa Chicago, inda ya haɗu da Gib Thomas, wanda aka fi sani da Tatts Thomas. Shi ya koya masa aiki da injin lantarki. Injin bai daɗe da shigowa sana'ar ba, domin a watan Disamban 1891 ne Samuel O'Reilly na New York ya samu takardar mallakar fasaharsa, bayan ya gina shi a kan wani alƙalamin lantarki da Thomas Edison ya ƙirƙira. Labarin da ake bayarwa shi ne Collins ya goge hannunsa ne a jikin mashayan unguwar marasa galihu, waɗanda ke ba da fatarsu a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wannan ya nuna matsayin sana'ar a Amurka ta wancan lokaci.

Teku da titin Hotel

Yana da shekara 19 ya shiga rundunar sojin ruwan Amurka. Aikin ya kai shi tashoshin jiragen ruwa na gabashin Asiya, inda ya fara ganin zane-zanen 'yan Chaina da na Japan. A shekarun 1930 ya zauna a Hawai, ya kuma mayar da ita gida har ƙarshen rayuwarsa.

Tsakanin ma'aikatan jirgin ruwa da tatu akwai tsohuwar alaƙa. Ita kanta kalmar ta shiga Turanci ne daga harshen mutanen tsibirin Tahiti, bayan tafiyar Kyaftin James Cook ta 1769. Su ma 'yan asalin Hawai suna da nasu zanen jiki na gargajiya, wanda ya ja baya sosai bayan zuwan 'yan mishan a 1820.

A tsakanin ma'aikatan jirgi, zanen ya zama kamar takardar shaidar aiki. Tsuntsuwar tsattsewa ɗaya na nufin mutum ya yi tafiyar mil 5,000 a teku. Anga, wato ƙugiyar da ke tsayar da jirgi, na nufin ya ƙetare Tekun Atilantika. Wasu kan sa a zana musu alade a ƙafa ɗaya da zakara a ɗayar, bisa camfin cewa hakan na kare mutum daga nitsewa.

Harin da Japan ta kai sansanin Pearl Harbor ranar 7 ga Disamban 1941 ya jefa Amurka cikin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma mayar da Honolulu mashigar dakarun da ke tafiya fagen daga a Tekun Pasifik. Titin Hotel da ke unguwar 'yan Chaina ya cika maƙil da samari masu kaki. Mashaya da gidajen karuwai da shagunan tatu suna jere, ana bin layi a ƙofofinsu. Yawancin samarin nan ba su da tabbacin za su dawo da rai, don haka kowa na son a rubuta masa sunan mahaifiyarsa ko na budurwarsa, ko alamar jirginsa, kafin a kira shi.

A irin wannan kasuwa sauri ake buƙata. Mai shago kan liƙa takardun samfuri a bango, abokin ciniki ya nuna wanda yake so, a kwafa masa a fata cikin mintuna. Da yawa daga masu zanen ba su iya zane ba, kwafar aikin wasu kawai suke yi. A wannan titi Collins ya yi suna, kuma abin da ya fara bambanta shi da saura shi ne samfuransa nasa ne, shi ke zana su.

Yaƙi da ƙazanta

A shekarun 1950 ya rufe shago ya bar sana'ar na wani lokaci, sakamakon taƙaddama da hukumar tara haraji ta Amurka. Ba ya rasa abin yi: yana da lasisin tuƙa jirgin ruwa, ya kuma riƙa zagayawa da masu yawon buɗe ido a wani babban jirgi mai tafiya da iska. Da ya dawo, ya zauna a shago mai lamba 1033 a titin Smith, inda ya yi aikin da aka fi tunawa da shi.

Ya dawo ne a lokacin da sana'ar ke fuskantar barazanar rufewa. A shaguna da dama, allura ɗaya ake amfani da ita a kan mutane da yawa, da soso ɗaya da bokitin ruwa ɗaya ake goge jini tun safe har dare. A 1961 hukumomin birnin New York suka haramta zanen tatu baki ɗaya, suna danganta shi da ɓarkewar ciwon hanta nau'in B. Haramcin ya ɗauki shekara 36, sai a 1997 aka ɗage shi.

Collins ya fahimci cewa idan masu sana'ar ba su gyara kansu ba, hukuma za ta gyara musu ta hanyar kulle ƙofa. Yana cikin na farko da suka shigo da tukunyar turara kayan aiki irin ta asibiti cikin shagon tatu, wadda ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi mai tsananin zafi. Yana kuma cikin na farko da suka koma amfani da allura sau ɗaya a jefar. Ya sake tsarin yadda ake haɗa allurai wuri guda, domin tawada ta shiga ba tare da an yi wa fata rauni sosai ba. Abubuwan nan a yau su ne sharaɗin samun lasisi a ƙasashe da dama, amma a zamaninsa ƙarin kashe kuɗi ne da ba wanda ya tilasta masa.

Sai batun launi. Tsofaffin masu zane ba su da abin da ya wuce baƙi, da ja, da kore, da rawaya. Jan ma sau da yawa daga sinadarin makuri ake samo shi, yakan kuma sa fatar wasu ta kumbura. Collins ya riƙa neman sababbin launuka daga masu harhaɗa sinadarai yana gwadawa. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma shi nasa jikin ma ɗauke yake da zane. Shi ake danganta wa shigo da launin shunayya mai zama lafiya a fata, abin da takwarorinsa suka daɗe suna ganin ba zai yiwu ba.

Kaurin layin baƙi da aka san shi da shi ma yana da dalili. Tawada na bazuwa a hankali a ƙarƙashin fata yayin da shekaru ke tafiya, rana kuma na dusar da launi. Siririn layi kan narke ya zama tabo, amma layi mai kauri da aka bar wa sarari a kewayensa kan ci gaba da fitowa sarai ko bayan shekara 30. Mutumin da abokan cinikinsa ke wuni a rana a kan teku dole ya yi wannan lissafi.

Darasi daga Japan

Babban sauyin da ya kawo ya fito ne daga ƙasar da ta kai hari garin da yake zaune.

Japan na da tsohuwar al'adar zanen jiki da ta bunƙasa tare da hotunan da ake bugawa da sassaƙaƙƙen katako. Tun daga 1827, mai zane Utagawa Kuniyoshi ya fitar da jerin hotunan jaruman wani tsohon labarin Chaina da jikinsu rufe da zane, abin da ya sa ma'aikata da 'yan kwana-kwanan birnin Edo, wato Tokyo ta yau, suka riƙa neman irinsa. Gwamnati ta haramta sana'ar a 1872, tana gudun kada Turawa su yi wa ƙasar kallon rashin wayewa. Sai a 1948 aka ɗage haramcin.

Bambancin salon biyu a bayyane yake. Ba'amurke kan tara ƙananan zane a jikinsa, wannan a dantse, wancan a ƙirji, babu abin da ya haɗa su. Ƙwararren ɗan Japan kuwa kan ɗauki bayan mutum ko ilahirin jikinsa a matsayin shafi guda. Ya sa babbar siffa a tsakiya, ko kifi mai haurawa sama da ruwa, ko dodon nan mai jikin maciji, sannan ya cike kewayen da igiyar ruwa, da gajimare, da iska, ta yadda hoton ke bin lanƙwasar tsoka yana motsi idan mai shi ya motsa.

Collins ya shiga musayar wasiƙu da ƙwararrun Japan, musamman Kazuo Oguri na birnin Gifu, wanda aka fi sani da Horihide, da kuma Pinky Yun na Hong Kong. Yana aika musu launuka da kayan aikin Amurka, su kuma suna aiko masa da zane-zane da hotunan ayyukansu. Sunayen ƙwararrun Japan kan fara da Hori, kalmar da ke nufin sassaƙa, don haka shi ma cikin raha ya riƙa sa hannu a wasiƙunsa da Hori Smoku.

Bai tsaya ga kwaikwayo ba. Ya ɗauki tsarin Japan na haɗa zane da abin da ke bayansa, ya zuba masa siffofin da abokan cinikinsa suka sani: jiragen ruwa, gaggafa, 'yan mata, al'amuran tarihin Amurka. Daga nan aka fara ganin manyan zane masu cika baya a jikin Amurkawa, aikin da ke ɗaukar zama da yawa, wanda kuma mai shi ke zuwa saboda hannun wani mai zane takamaimai.

A 1972 ya tara wasu masu zane a Hawai, ciki har da Oguri da ya taso daga Japan, domin su yi aiki tare su ga hannun juna. Taron ƙarami ne, amma ana lissafa shi cikin tarukan farko na ƙasa da ƙasa a sana'ar da aka san masu ita da ɓoye wa juna sirri.

Mutum mai wuyar sha'ani

Waɗanda suka zauna da shi ba su ɓoye cewa mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe ba. Yana da shirin dare a gidan rediyon KTRG na Honolulu, inda yake amfani da sunan Old Ironsides, yana baje ra'ayinsa na riƙau a siyasa. Yana kuma busa saksofon a wata ƙungiyar makaɗa.

Ba ya son 'yan jarida, ba ya kuma ƙaunar masu zanen da ke neman suna a kafafen watsa labarai. Lyle Tuttle na San Francisco, wanda ya yi wa mawaƙiya Janis Joplin zane kuma hotonsa ya fito a bangon mujallar Rolling Stone a 1970, na cikin waɗanda ya fi caccaka. Tsoronsa shi ne talla za ta jawo 'yan ta-ci-barkatai cikin sana'ar, su kuma su jawo hukuma.

Amma ga matashin da ya ga yana da hannu da natsuwa, ƙofarsa a buɗe take. Don Ed Hardy ya kammala Cibiyar Koyar da Zane ta San Francisco a 1967, ya samu damar ci gaba da karatu a Jami'ar Yale, ya ajiye ta ya rungumi tatu. A ƙarshen shekarun 1960 suka fara rubuta wa juna wasiƙu, kuma ta hanyar Collins ne Hardy ya samu zuwa Japan a 1973 ya yi aiki a wurin Horihide. Hardy, da Mike Malone, da Zeke Owen su ne ukun da ya ambata a wasiyyarsa.

Collins ya mutu ranar 12 ga Yunin 1973 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 62. An binne shi a maƙabartar tsofaffin sojoji da ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta na Punchbowl a Honolulu. Malone ne ya sayi shagon ya sa masa suna China Sea Tattoo, don haka takardun suka tsira.

Daga shago zuwa zauren baje koli

Matsalar tatu a matsayin fasaha ita ce ana binne aikin tare da mai shi. Yawancin sojojin da Collins ya yi wa zane sun mutu, zanen ya tafi da su. Abin da ya rage shi ne takardu, da hotuna, da almajirai, kuma ta nan tasirinsa ya bi.

A 1974 Hardy ya buɗe shago a San Francisco inda ba a zaɓar samfuri daga bango. Sai an yi alƙawari, a zauna da mutum, a zana masa abin da ya dace da jikinsa shi kaɗai. Wannan tsari ne manyan masu zane ke bi a yau. A 1994 ya wallafa wasiƙun da Collins ya rubuta masa a littafi guda. Shekara ɗaya bayan haka, cibiyar Drawing Center ta New York ta baje kolin zane-zanen tatu na tsawon ƙarni guda, a lokacin da yin tatu ɗin kansa haramun ne a dokar birnin.

Daga nan manyan gidajen tarihi suka biyo baya. Gidan tarihi na Quai Branly da ke Faris ya buɗe babban baje koli kan tatu a 2014. A 2019 gidan tarihi na de Young a San Francisco ya keɓe baje koli ga ayyukan Hardy. A Japan, kotun ƙoli ta yanke hukunci a 2020 cewa mai zanen tatu ba ya buƙatar lasisin likita. Wani bincike da cibiyar Pew ta fitar a 2023 ya nuna kashi 32 cikin 100 na manyan Amurkawa na da aƙalla zane ɗaya a jikinsu.

Wa ke da sunan?

Akwai ɓangaren labarin da wasiyyar ba ta hango ba. A 1999 Hardy da Malone suka haɗa gwiwa da wani kamfanin talla na birnin Philadelphia aka kafa kamfanin Sailor Jerry, wanda ya fara buga zanensa a riguna da sauran kaya, daga baya kuma aka fitar da barasa mai ɗauke da sunan. A 2008 kamfanin William Grant & Sons na Sikotilan ya sayi sunan. Shi ma Hardy, sunansa ya zama tambarin riguna da huluna da suka cika kasuwannin duniya a tsakiyar shekarun 2000.

A 2019 matar Collins, Louise, ta shigar da ƙara a Hawai tana cewa ba ta taɓa ba da izinin amfani da sunan mijinta da kamanninsa a kasuwanci ba. Mutumin da ya ƙi yarda da 'yan jarida, ya kuma gwammace a ƙona aikinsa da a yi wasa da shi, yanzu miliyoyin mutane sun san sunansa ne daga jikin kwalba, ba tare da sun san ya taɓa rayuwa ba.

Tambayar da shari'ar ta taso da ita na ci gaba da damun sana'ar: idan tatu fasaha ce, wa ke da mallakar zanen? Wanda ya zana, ko wanda ke ɗauke da shi a fatarsa, ko wanda ya sayi takardar? Kotunan Amurka sun saurari ƙararraki irin wannan a kan zanen jikin 'yan wasa da ya fito a fina-finai da wasannin kwamfuta. A zamanin da Collins ke aiki a titin Hotel, babu lauyan da zai ɓata lokacinsa a kan irin wannan magana.

Shagon da ke lamba 1033 a titin Smith har yanzu shagon tatu ne. Sunansa na yanzu Old Ironside, daga laƙabin da Collins ke amfani da shi a rediyo.